Ƙarƙashin Motar Baba

Auta ta danna hannun jak ɗin sau goma sha biyu kafin bayan motar ya fara ɗagawa. Ta ƙara biyar, ta durƙusa ta leƙa, ta ga wurin zai ɗauke ta in ta kwanta rigingine. Ta shimfiɗa kwali a kan simintin tsakar gida, ta ɗaure ɗankwalinta ta baya, ta jawo akwatin sifanu kusa.

"Sha bakwai," in ji Baba daga gindin bango. "Da can sha huɗu yake kai ta nan. Jak ɗin nan ya tsufa."

Yana zaune a kujerarsa ta roba, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, fuskarsa ta ɗan kauce daga inda motar take. Shekara arba'in ya yi yana gyaran mota kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Gobe da safe za a yi masa aikin ido a wani asibiti mai nisan awa uku, kuma Auta ce za ta kai shi. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, nas ce, kuma cikin 'ya'yansa shida ita kaɗai ta taɓa ɗaukar sifana don sha'awa. Da safen nan, tana dawowa daga aikin kwana, salansar motar ta saki ta tsakiya, ta yi ta jan ƙasa har ƙofar gida. Bakaniken unguwa ya yi tafiya. Noti biyu ne kawai da ƙarfen da ke riƙe bututun, ta ce ba sai an kira kowa ba.

"Kin ja birkin hannu?"

"Na ja, Baba."

"Giya?"

"Tana ta ɗaya."

"Waigi fa?"

Ta tura duwatsun nan biyu da ƙafa, ta tokare tayoyin gaba. "Ga shi, ka ji."

"Na ji. Gumaguman katako?"

Gumaguman da ake tallafe mota da su in an ɗaga ta suna can cikin sito, bayan tsohon firji da buhunan kayan da ba wanda ya buɗe tun bara. Guda huɗu ne, kowanne sai ta rungume shi da hannu biyu. Tun jiya da yamma take tsaye a kan ƙafafunta, bayanta kamar an ɗaure shi da waya. Ta dubi ƙofar siton, ta dubi idanun Baba masu fari-fari kamar an ɗiga musu madara.

"Na sa," ta ce.

Baba ya gyara riƙon sandarsa.

"To," ya ce.

Ta ɗauki tocila da robar ruwanta, ta kwanta a kan kwalin, ta tura kanta ciki da diddige.

Ƙarƙashin motar akwai sanyi. Zafin rana ya tsaya a waje, ya zama wani dogon layin haske a gefenta. Warin baƙin mai da tsatsa ya sauko mata, warin da ta sani tun kafin ta iya rubuta sunanta. Daga nan ƙafafu kawai take gani. Ga na Baba cikin silifa, babban yatsansa yana ɗan bugun ƙasa kamar mai ƙirga wani abu. Ga na Umma sun wuce da bokiti, sun tsaya a gindin igiyar shanya, ruwan wanki yana ɗiga a kansu. Wani rediyo a maƙwabta yana magana shi kaɗai.

Ta tsayar da robar ruwan kusa da kafaɗarta, ta haska sama. Notin farko yana nesa, sai da ta miƙe hannu iya tsawonsa kafin sifana ta kama shi. Ya ƙi motsi. Ta ja numfashi, ta sake.

Tana shekara bakwai ita ke riƙe wa Baba tocila a gareji bayan an tashi makaranta. A lokacin cikin mota taswira yake zame mata. Bututai su ne hanyoyi, tsatsa ita ce ƙasashe, inda mai ya jiƙa kuma teku. Takan zaɓi wata ƙasa ta ce nan za ta je in ta girma, Baba ya ce mata wannan ai tankin mai ne, ta nemi wata. Sai hasken ya kauce, ya ce, "Nan, uwata, nan nake aiki, ba can ba." In sun koma gida Umma ta yi ta faɗa a kan rigar makaranta, shi kuma ya ce mai ba datti ba ne, turaren masu sana'a ne.

Notin ya motsa. Ta juya shi sau ɗaya, sau biyu. Garin tsatsa ya zubo mata a kumatu, ta lumshe ido don kar ya shiga, sai idon ya ji daɗin rufuwa. Ɗakin marasa lafiya ya dawo mata, gadaje a jere, ledar ƙarin ruwa tana ɗiga a hankali, tsohuwar gado na huɗu tana neman a gyara mata matashi. Ɗigar ta gauraye da ta kayan shanya. Ta ga kanta tana tura gadon Baba a wani dogon baranda, barandar ta zama titi, titin ya zama bututu mai lanƙwasa, suna ta tafiya babu gargada.

Ta buɗe ido. Hannunta na nan a kan sifana, yana juyawa da kansa. Aikin ya yi sauƙi. Ɗazu da ƙyar take kaiwa, yanzu gwiwar hannunta har ta lanƙwashe. Ta yi murmushi, ta ce a ranta ashe hannun mutum tsawo yake ƙarawa in ya saba. Taswirar ma ta matso, tana ganin kowane tsagi a jikin ƙarfen, har da wata 'yar gizo-gizo da ke tafiya a gefen tanki. Layin hasken nan na gefenta ya sirance, ya yi kyau, kamar bakin ƙofar da ake rufewa a hankali don kar a tashi mai barci.

Daga nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa, ta ji ana kiran wani suna. Sai a kira na biyu ta gane nata ne, sunanta na yanka, wanda rabon da ta ji shi a bakin Baba tun ranar da ta kammala makaranta.

Kujerar roba ta kife. Sanda ta faɗi ta gangara. Ta juya kai ta ga Baba a ƙasa, yana rarrafe, tafin hannunsa yana lalubar siminti. Ta so ta ce masa ya tashi zai ɓata rigarsa, sai ta ji wani abu mai sanyi ya taɓa mata ƙirji, a hankali, kamar an ɗora mata hannu. Ta ja numfashi, numfashin ya tsaya a rabi.

Hannaye biyu suka damƙe idon sawunta. Ba ta san tsohon nan yana da sauran ƙarfi irin wannan ba. Ya fizge ta sau ɗaya, kwalin ya zame da ita, ƙarfe ya goge mata haɓa, ɗankwalinta ya maƙale ya tsaya a can. Rana ta faɗo mata a fuska gaba ɗaya.

Motar ba ta faɗi da ƙara ba. Ci gaba ta yi da sauka, jak ɗin yana wani siririn huci, har ta zauna daram a kan tayoyinta. Robar ruwan ta lotse a ƙarƙashin ƙarfen, murfin ya yi tsalle, ruwan ya biyo siminti a hankali ya zo ya taɓa gwiwar Baba.

"Kina numfashi?" Hannunsa ya hau fuskarta, ya bi wuyanta, ya sauka a kafaɗa. "Yi magana in ji."

"Ina yi, Baba."

"Ƙara."

"Lafiyata ƙalau. Wallahi ƙalau nake."

Umma ta iso da jiƙaƙƙen zane a hannu, tana salati. Ta dubi motar, ta dubi mijinta zaune a ƙasa, ta dubi 'yarta babu ɗankwali da ƙura a gashi.

"Ku biyun nan kun haɗa baki sai kun ga bayana," ta ce. "Uba makaho, 'ya mai taurin kai. Wa zai kai wani asibiti a cikinku?"

Ta yafa wa Auta zanen a ka, da ruwansa da komai, ta koma ciki tana goge ido da bayan hannu.

Gwiwoyin Baba duka sun goge, jini na tsattsafowa ta jikin wando. Auta ta ɗauko akwatin magani, ta zaunar da shi a kujera, ta durƙusa a gabansa. Ta jiƙa auduga, ta fara wanke masa raunukan.

"Baba, ban sa gumaguman ba."

"Na sani."

Ta ɗago kai.

"Ƙofar siton nan kuka take yi in an buɗe ta," ya ce. "Katako kuma in ya sauka a siminti, ko kurma ya san an ajiye abu. Ban ji ko ɗaya ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya juya fuskarsa wajen bango. Sai da ta gama gwiwa ɗaya ta koma ɗayar kafin ya amsa.

"Tun da idon nan ya tafi, duk wanda na maimaita wa magana sai in ji ya sauke numfashi, irin na haƙuri da tsoho. Yayyenki duk na ji nasu. Naki ne ban ji ba tukuna, ban so in ji shi yau. Sai na ce bari in zauna in saurari jak ɗin, in ya yi tari in kira ki." Ya shafa gemunsa. "Na kira, ba ki amsa ba. Shekara arba'in ban taɓa barin ɗan wani ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba. Yau na bar tawa, don kar ta gaji da ni."

Auta ta manna filasta, ta danne gefensa da yatsa fiye da yadda yake buƙata. Sannan ta tashi ta nufi sito. Ƙofar ta yi kukanta. Ta janye buhunan, ta tura firjin da kafaɗa, ta fito da gumaguman ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta dire shi a gabansa ya shafa. Ɗaya ya tsage ta gefe, ya juya shi ya ce wannan fuskar za ta kalli sama.

Umma ta leƙo ta taga. "Ga bulo nan a bayan ɗaki, ku ƙara da su mana."

"Bulo fashewa yake babu sallama," in ji Baba. "Bar su su yi aikin gini."

Auta ta je maƙwabta ta aro jak mai lafiya. Ta ɗaga motar, Baba yana ƙirgawa a fili. Ta kama hannunsa ta kai shi gefen motar, ya bi ƙarfen da yatsu har ya sami inda ya yi kauri.

"Nan. Ba can ba, can gwangwani ne. Tura shi da ƙafa, kar ki sa hannu tukuna."

Ta jera biyu a dama, biyu a hagu. Ya sa ta ciro tayar ajiya da ke cikin but ta kwantar da ita a ƙarƙashi, ko da wani abu zai zame. Ta sassauta jak ɗin kaɗan-kaɗan har nauyin ya zauna a kan katako, katakon ya yi 'yar ƙara ya yi shiru. Baba ya miƙe, ya dafa bayan motar da hannu biyu ya girgiza ta da iya ƙarfinsa. Ya zagaya ɗaya gefen yana bin jikinta, ya sake. Ko gezau.

"Yanzu ko jariri a shimfiɗe a nan," ya ce. "Ba ni sifana sha uku."

"Baba, ni zan shiga."

"Kin shiga naki."

Ya tuɓe hularsa ya miƙa mata. Ya zauna a kan kwalin da nishi, ya kwanta, ya tura kansa ciki da diddige, daidai yadda ta yi ɗazu. Ta miƙa masa tocila, ya ture ta da bayan hannu. Can sai ga ɗankwalinta ya fito, an jefo shi, da tabon mai a tsakiya.

Ta zauna a kan siminti kusa da ƙafafunsa. Ƙarfe ya fara magana a ciki, ƙwas, ƙwas, a natse, babu lalube. Ya nemi sabon noti, ta sa masa a tafin hannu. Ya nemi na biyu. Rana ta karkata, inuwar kayan shanya ta miƙo har jikin taya, tana kaɗawa. Bayan wani lokaci ƙarar ta tsaya.

Ta jira ya fito, bai fito ba. Ta sunkuya da sauri ta leƙa.

Yana kwance lafiya lau, sifana a kan cikinsa, idanunsa a buɗe. Tafin hannunsa ɗaya yana manne da cikin motar, yana bin bututun a hankali daga wannan lanƙwasa zuwa waccan.

"An gama, Baba?"

"Tun ɗazu."

"To fito mana."

"Likitan nan ya ce ba lalle ne aikin ya yi ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kina wurin, kin ji shi."

"Na ji. Ya kuma ce yawanci yana yi."

"Haka ya ce." Yatsunsa suka tsaya a kan sabon notin, suka zagaye shi. "Bar ni a nan kaɗan, uwata. A nan ban rasa komai ba."

Umma ta fito bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu, ta buɗe baki za ta kira shi. Auta ta ɗaga mata hannu.

"Rufe masa, Umma," ta ce. "Yana aiki."