Ƙarshen da Wayar Lubabatu Ta Yanke

Lubabatu ta tare majo, babban ma'aikacin jinya, a ƙofar ɗakin majinyata, ta cusa masa waya tun bai cire safar hannu ba. Kwana tara ke nan mijinta Jibo bai farka ba, tun da motonsa mai ƙafa biyu ya kife a hanyar Cadawa. Yana numfashi, idanunsa na motsi a ƙarƙashin fata, amma ko sunansa ba ya amsawa.

A wayar akwai fim ɗin Turawa mai fassarar Hausa, wanda Jibo ya bari. An ɗaura wa wata mata wayoyi a ka, ta shiga mafarkin mijinta da ya ƙi tashi, wani abu marar fuska yana bin ta daga ɗaki zuwa ɗaki. Mai fassarar, bakinsa ba birki, ya rantse har sau uku cewa abin ya faru. Ita kuwa Lubabatu ba ta taɓa sanin mutum zai yi rantsuwa a kan wasa ba.

Ta tambayi majo ko akwai irin na'urar fim ɗin a Maraɗi, ko Yamai. Ya so yin dariya, ya dubi fuskarta, ya fasa. Ya ce babu ita ko'ina a duniya, ta ci gaba da addu'a.

Ba ta yarda ba. Fim ɗin ya yanke kafin ƙarshe, don haka ta taka cikin rana har tashar Agiye, rumfar Tanimu mai tura finafinai. Ya duba, ya ce nasa ma nan ya tsaya, amma ya taɓa ganin sauran.

"Ta fito da shi?"

Tanimu ya sosa ƙeya. "Ta dai iske shi. Amma ƙofar mafarkin ta rufe, Hajiya. Can suka zamna su biyu, ba wanda ya farka."

Ya zaci za ta yi kuka. Sai ta gyara lulluɓi, ta ce, "Amma ta iske shi."

Bayan azahar ta koma asibiti. Majo na kallo cikin tausayi ta ja kujera, ta riƙe robar ƙarin ruwan da ke hannun Jibo, ta jingina goshinta da nasa. Ta rufe ido don ta shiga mafarkinsa, ta yarda da duk abin da ke ciki, har da marar fuskar.

Har aka kira la'asar, barci bai ɗauke ta ba.