Tulun Ya Kellu

A birnin Yerwa, a shekarun da motar kaya ta fara shigowa gari yara na binta da gudu, babu wanda bai san wasan su Ajimi ba. Kashegarin ƙaramar Sallah, da an idar da la'asar, sai mutanen unguwar Abbaganaram su cika gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan Ya Kellu, kowa da sabuwar rigarsa tana ƙamshin turaren wuta. Tsofaffin labaran Sallah ake zuwa ji, waɗanda kowa ya haddace tun yana yaro, amma je ka ga yadda ake ture juna a kan tabarmar gaba.

Su uku ne, kuma raba muryoyi suke yi. Ba'ana, dillalin shanu, shi ke jan labari. Ajimi, mai sayar da bandar kifin Baga, shi ne jarumi, mutum mai faɗin ƙirji da son a yabe shi. Ita kuwa Ya Kellu, tsohuwa mai wainar gero, ba a ganinta. Bayan zana take zama, ta shigo ta ƙofar baya, ta kifa bakinta cikin wani tsohon tulu, duk muryar da ba ta bil'adama ba daga nan take fitowa. Da Hausa suke yi don Larabawan Shuwa da fatake su ji, Hausar da harshen Barebari ya lanƙwasa son ransa.

To, kowa ya san tatsuniya da rana ba abin wasa ba ce, mai yinta ɓacewa yake yi. Shi ya sa suke da tasu dabara. Kafin a fara, Ba'ana da Ajimi kowa zai cire hularsa ya sa ƙarƙashin ƙwarya, ya ajiye sunansa ke nan. In labari ya ƙare, Ya Kellu za ta kira su ta cikin tulu, kowa da sunan da uwarsa ta san shi da shi. Ka amsa, ka ɗauki hularka, ka koma gida kai ne kai. Ajimi kan yi wa abin dariya.

"Ya Kellu, wai in ba ki kira ni ba sai in zama ɗan akuya?"

"Kai dai ka amsa," in ji ta. "Ni na kai ku, ni zan dawo da ku. Ban taɓa barin kowa a can ba."

A azumin wata shekara Allah ya yi mata rasuwa. Ajimi ya yi kuka, kuka na gaske, don ita ta fara sa shi gaban jama'a. Amma da Ba'ana ya ce a bar wasan bana, sai ya ƙi. Ina! Mutane sun saba. Ya sami Madu tela, mai iya kwaikwayon muryar mata, ya ce ya shiga ta baya ya zauna, in ya shirya ya ƙwanƙwasa tulu kamar yadda marigayiya ke yi.

Ranar ta zo, rana tas, ko gajimare babu. Suka sa huluna ƙarƙashin ƙwarya. Tulu ya yi ƙwas, ƙwas daga bayan zana. Ba'ana ya gyara murya ya buɗe labarin da aka fi so, na Audu masunci, wanda ya tafi kamun kifi ranar Idi maimakon masallaci, wata murya ta yi ta kiransa daga ƙarƙashin tafki har ya amsa, ruwa ya rufe a kansa.

Ajimi ya durƙusa yana tuƙa jirgin da babu shi, yana jefa taru a kan yashi. Sai murya ta taso daga tulu.

"Auduu... kifi ma yau Sallah suke yi. Me ka zo nema?"

Tsigar jikinsa ta tashi. Kai, Madu ya iya! Har da ɗan tarin nan da take yi kafin dogon kira, har da fitar iska ta gurbin haƙorinta. Wata mata a cikin taro ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Allah ya jiƙan Ya Kellu." Ajimi ya ji daɗi ya cika shi, ya saki jiki, bai taɓa yin Audu kamar na ranar ba. Yara suka ƙanƙame iyayensu. Ya rantse daga baya cewa har sanyin ruwa ya ji a gwiwoyinsa.

Yana cikin jan taru ya ɗaga kai. Can bayan taro ga Madu tela yana kutsowa, gumi sharkaf, yana ɗaga masa hannu alamar a yi haƙuri, surukai sun riƙe shi.

Ajimi ya dubi Madu. Ya juya ya dubi zana. Ta ƙasan zanar ana ganin gindin tulu da tabarmar da aka shimfiɗa. Ba ƙafa, ba inuwa.

Labari dai bai tsaya ba, don Ba'ana idonsa a rufe yake jan labari, bai ga komai ba. Muryar ta kira Audu, bakin Ajimi ya amsa da kansa kamar kowace shekara, ya kwanta a yashi, jama'a suka yi salati. Labari ya ƙare. Aka yi tsit, ana jiran kiran sunaye.

"Ba'ana."

"Na'am, Ya Kellu," in ji Ba'ana, da sabon baki, ko tunani bai yi ba. Ya ɗaga ƙwarya ya ɗauki hularsa.

"Ajimi."

Ajimi yana kwance, kuncinsa a kan yashi mai ɗumi. Tun yana ƙarami aka gaya masa ba a amsa kiran wanda ba ka gani ba, balle wanda da hannunka ka zuba wa ƙasa. In ya amsa, ina za ta kai shi? Yanzun nan Audu ya amsa, kowa ya ga abin da ya same shi.

"Ajimi, ɗana. Amsa mana."

Babu fushi a muryar. Gajiya ce kawai, irin ta wadda ta yi doguwar tafiya don ta sauke wani nauyi. Ya ji wannan sarai, wallahi ya ji, amma ya danne leɓensa da haƙori.

"Ba a bar ni in daɗe ba," in ji ta a hankali. "Ajimi..."

Sai tulun ya yi ɗan huci, kamar an ɗauke baki daga kansa. Shi ke nan.

Ajimi ya miƙe yana karkaɗe riga, yana hamdala a zuci, ya tsira. Ya ɗaga ƙwarya, babu hula. Yashin wurin ne kawai a jiƙe. Mutane suka taso suna miƙa masa goro.

"Sannu, Audu! Bana ka kashe mu."

Ya yi yaƙe, zolaya ce. Amma Ba'ana ma da ya dafa kafaɗarsa cewa ya yi, "Audu, mu je, magariba ta kusa."

"Wane Audu? Ni ne Ajimi!"

"Wane ne Ajimi?" Ba'ana ya tambaya, kuma babu wasa a fuskarsa.

Da sassarfa ya nufi gida unguwar Limanti. Matarsa Yagana ta yi masa sannu da zuwa, ya ɗan sami natsuwa, sai ya tuna ita dama ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ya wuce ɗakin mahaifiyarsa. Tsohuwa tana zaune tana jan carbi, ta ɗago ta dube shi da fara'a.

"Audu, ka dawo? Ya ruwa?"

Ba'ana da ya amsa, babu abin da ya same shi. Ya tsufa, ya ga jikoki, ya mutu a kan gadonsa. Wannan ne ya fi ci wa Ajimi rai: ashe da gaske dawo da su kawai ta zo yi, shi kuma ya bar ta tana kira. Sunan nan ma da nake faɗa muku daga bakinsa aka ji shi, don babu wanda ya ƙara kiransa da shi, har ya daina gardama.

Wasa ya mutu tun daga ranar. Magada suka so su jefar da tulun, ya roƙa aka ba shi. Duk kashegarin Sallah bayan la'asar, mutanen Abbaganaram kan ga Audu mai banda, kansa ba hula, ya zo gindin tsamiya da tulu a rungume. Ya durƙusa, ya kifa bakinsa a ciki.

"Na'am, Ya Kellu," yake cewa. "Na'am. Ga ni."

Sannan ya kara kunnensa ya jira.