Kartar da Aka Watsar a Hanyar Gona

A shekara ta biyu ta yaƙin Arewa da Kudu, ina yi wa sojan ƙasa wanki can jihar Tenesi, a ƙasar Turawa, a rundunar da mijina Ansel yake ciki. Ansel mutumin kirki ne, illarsa ɗaya: karta. Tun ranar aurenmu nake masa mita a kanta, shi kuwa sai ya ce, "Orfa, ko fastonmu bai kai ki wa'azi ba."

To, sojojin nan suna da wata ɗabi'a. In za a tura su inda ba su ga alamar dawowa ba, sai kowa ya zubar da kartarsa a hanya, don kada a laluba aljihun gawa a aika wa uwa da kayan Shaiɗan. Wanda ya tsira ya dawo ya tsince abinsa, a ci gaba da wasa.

Ran nan da hantsi aka jera rundunar kaf a wata hanyar gona, suna fuskantar tudun da abokan gaba suka girke igwa. Kafin ka ce me, hanya ta yi fari da ja. Ansel, wanda duk gumurzun baya bai taɓa rabuwa da tasa ba, ya zaro ta ya watsar.

Na ruga wajensa. Na ce, "Ansel, tsince abinka!"

Abokinsa Lemuel ya kece da dariya. "Jama'a, ku zo ku ji! Yau Orfa ke roƙon mijinta ya yi caca!"

"Rufe mana baki, mai kunnen jaki. Ansel, na ce ka tsince."

"Ba ke kika ce in bari ba?" Yana murmushi, amma leɓensa ya bushe ƙamas.

Aka buga ganga, suka kutsa gonar masara kafaɗa da kafaɗa, tutoci a gaba. Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki shi ne, ba mu ji komai ba. Iska ta kwashe ƙarar ta kai wani wuri. Muna ganin hayaƙi na fita daga bakin igwa, layi na tsinkewa, mutane na zubewa, amma a kunnena sai ɗigar ruwa daga rigunan da na shanya.

Da rana ta yi sanyi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, fuska baƙi ƙirin da albarushi, suna duƙawa suna tsintar karta. Can na lura wasu a cikinsu ƙafarsu ba ta tayar da ƙura. Suna ta yaƙushin ƙasa, amma katin ko motsi. Lemuel na cikinsu. Rigarsa fes, kamar yanzu na goge ta. Na kira sunansa, bai ɗago ba. Nan na gane waɗannan ba rayayyu ba ne.

Sai ga Ansel, hannuwa a aljihu, yana tafe kan ciyawar gefen hanya, inda babu ƙurar da za ta gaya mini komai. Tsoro ya hana ni taɓa shi.

"Duƙa ka ɗauki ɗaya."

"Na bari, Orfa. Har abada."

"Ban tambaye ka ba. Ɗauka."

"Haba, baiwar Allah, na gaji."

Na duƙa da kaina na ɗauko wani jan kati, na miƙa masa. "Riƙe." Ya zaro hannu a hankali, na saki.

Katin ya tsaya tsakanin yatsunsa, jini na ɓata gefensa. Na zauna daɓas a ƙasa.

A bayansa, waɗancan da ba sa tayar da ƙura suka miƙe, suka yi layi ba tare da kowa ya ba da umarni ba, suka juya suka nufi tudun.

Ansel ya ce, "Kin ga Lemuel kuwa? Mun rabu wajen shinge."

Ina kallon ƙeyar Lemuel tana shiga cikin masara, ko ganye ɗaya bai kaɗa ba. Na ce, "Zo ka sha gahawa tukuna."