Furfurar Agwagin Dogo

Agwagin Dogo shuɗaye ne. Ba haka Allah ya halicce su ba. Lambatun bayan gidansa ne ke kwaso ruwan ma'aikatar rini, su kuwa a ciki suke wuni. Amma ranar da surukinsa ya gan su ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah!" sai bakin Dogo ya riga hankalinsa.

"'Yan ƙasar waje ne, Baba."

Shekara da shekaru tsohon nan bai taɓa yaba wa Dogo ko ɗaurin akuya ba. Ran nan sai ga shi ya dafa kafaɗarsa, ya ce ashe 'yarsa ba ta yi asarar miji ba, kuma zai dawo ya ɗauki biyu ya yi iri. Dogo ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

Ana nan sai ma'aikatar ta ɗauko wata injiniya, ta jera ganguna a bakin lambatun. Dogo ya je gulma, ya tarar tana ɗura baƙin gari a ciki.

"Malama, me ake dafawa?"

"Gawayi ne, na ɓawon kwakwa da totuwar masara," in ji ta. "Mun ƙona, mun turara shi har ya yi ƙananan ramuka. Ruwa ya wuce, rini ya maƙale."

Ta buɗe famfon gangar ƙarshe, ruwa ya zubo garau. Dogo ya leƙa, babu ko ɗigon shuɗi.

"Ba za a rage ko ɗan kaɗan ba? Saboda maƙwabta?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ci gaba da aikinta.

Agwagi dai ba su san ana rufin asiri ba. Suka samu ruwa mai kyau, suka dinga wanka kamar biyansu ake yi. Dogo ya kulle su a ɗaki, suka fice ta taga. Ya jiƙa shuɗin wanki a baho zai tsoma su, uwar garken ta tsallake, shi ya faɗa ciki. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Maigida, ka faɗa wa Baba gaskiya mana. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Ke ba ki ji yadda ya dafa ni ba," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa. Sai ta daina dariyar.

Baba ya iso da kwandonsa, ya tarar da tsakar gida fari fat da agwagi. Ya daɗe yana kallo.

"Ina shuɗayen?"

Dogo ya nuna su. "Su ne, Baba. Furfura ce ta fito musu."

"Har 'yan tsakin?"

"Gadon gidansu ne."

Tsohon ya shafa gemunsa, kafaɗunsa suna rawa. Dogo ya sunkuyar da kai yana jiran a kwance masa zani a kasuwa.

"Yaro, ran nan da na ɗaga waccan agwagwar, sai da na yi mako ina cin abinci da shuɗin hannu. Ni ba launi na yaba ba. Ƙiba na gani, na san akwai mai kula da su." Ya miƙa masa kwandon. "Kamo min masu furfurar guda biyu, mu je mu tsufa tare."