Randar Ƙofar Gidan Alhaji Bubayero

Shekara ashirin da wani abu randar nan tana ƙofar gidan Alhaji Bubayero a Takur, a gindin darbejiya, da moɗa guda ɗaure da igiya. Mai acaɓa ya tsaya ya sha, mai tallan mangwaro ta sha, masu dawowa daga masallaci su sha su yi wa mai gida addu'a. Har kwatance ake yi da ita, a ce in ka zo randa ka yi dama.

Sai korona ta shigo. Cikin azumi Alhaji ya fara tari, kwana shida aka kai shi makwancinsa. Washegari masu fararen kaya suka zo suka yi feshi a zaure da dakali, har jikin randar. Unguwa na kallo daga nesa.

Bayan salla babban ɗansa Tasi'u, wanda yake tela ne, ya ci gaba da cika randar kowace safiya, don mahaifiyarsa Inna Laraba ta ce sadakar mamaci ce, ba za a tsayar ba. Ita tana takaba, ba ta fita. Ɗakinta na jikin katanga, can take zama da carbi tana sauraron ƙarar murfin randar.

To, ba mai sha. Mutane in sun zo daidai wurin sai su tsallaka ɗaya gefen, su ɗago hannu daga can. Kwatancen ma ya koma gidan da aka yi wa feshi. Tasi'u bai ji haushin kowa ba, bai ma san abin da yake ji ba. Da yamma ya juye ruwan a gindin bishiya, da safe ya sake cikawa.

Sai ya ɗauki wata ɗabi'a. In ya gaji da ɗinki a zaure, ya fita ya ɗaga murfin, ya kaɗa moɗa a ruwa, ya mayar, don dai Inna ta ji.

Ran nan ya kai mata fura. Ba ta dube shi ba ta ce, "Kai, mai ƙishirwa ba ya rufe murfi a hankali haka."

Ya ce, "Inna, ana sha."

"To," in ji ta.

Ya daina. Kwana huɗu murfin bai motsa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Furar dai rabi take dawowa.

Rana ta biyar da azahar yana kan keken ɗinki ya ji ƙarar murfi, da ƙarfi. Ya leƙa. Malam Nata'ala ne, aminin Alhaji, wanda ko gaisuwar mutuwa ta waya ya yi. Ya tura moɗar gefe da bayan hannu, ya zaro kofin roba daga aljihu, ya ɗiba, ya janye takunkumi ya shanye.

"Barka da rana, Baba."

"Yawwa, ɗan nan. Ruwanku dai da sanyi." Bai matso ba. "A gaishe da mai takaba."

Tasi'u ya shiga ciki. Inna ta tsayar da carbi.

"Wannan ba kai ba ne."

"Baba Nata'ala ne."

"Ya sha?"

"Ya sha."

Bai faɗa mata zancen kofin ba. Ta jawo kwanon furar ta ce gobe ya wanke randar kafin ya zuba.