Manomi Mai Inuwa

Duk wanda ya san Dikko mai awon gero a kasuwar Kaura Namoda ya san mutum ne da ba ya barin zuciyarsa ta huta. In hadari ya haɗu ya ce zai yi ɓarna, in bai haɗu ba ya ce fari ke tafe. Amma a shekarun nan da Zamfara ke sabuwar jiha, shari'a kuma ta kankama, damuwarsa ta tattaru a kan mutum guda, wato ɗansa na fari Bilyaminu, wanda ake kira Abbati don sunan kakansa ya ci.

Abbati ya gama karatu ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta, ya girke ta a shagon ƙofar gida. Wani kamfanin talla a Kaduna ke ba shi aiki, in ya gama ya zuba a faifai ya ba direba. Sai dai na'urar ba ta da sauri ko kaɗan. Zai tsara abu da safe ya danna, ya ce ta fara haɗa hoton, sai ta kama gurnani kamar tsohon injin niƙa. Dikko ya je kasuwa ya dawo tana nan tana fama. Shi dahuwa yake kiran abin. In ya leƙa, ba abin da yake gani sai wasu zare-zare masu launin toka kamar ragar masunta, ya ce Allah ya taimaka, ya wuce cikin gida.

Wata rana da la'asar Abbati ya same shi yana alwala, ya durƙusa.

"Baba, mutanen Kaduna sun ce in taho can. Sun gaji da jira. Aikin da nika kwana biyu kai, na'urarsu kafin a sha shayi ta gama."

Dikko ya ajiye butar. Kaduna ce ta cinye ƙanensa Sirajo a rikicin nan, har yau ba a ga ko takalminsa ba.

"Wagga taka mi tar rasa?"

"Katin hoto nata tsoho na, Baba. Ram ɗinta kuma kaɗan na, wurin da taka riƙe aiki ke nan. Sai fanka babba don kar ta yi zafi."

"In an sa mata su, ka zauna gida?"

"In an sa mata, ba ni da hujjar tahiya."

Dikko bai yi shawara da kowa ba. Ya fasa rumbun da yake ajiye wa bazara, ya sayar da geron tun bai yi daraja ba. Ko Kano bai yarda yaron ya je sayen kayan ba, wani direba mai suna Bawa aka ba saƙo. Da kayan suka iso, Dikko ya ƙi fita kasuwa. Ya zauna kan buhu yana kallon Abbati ya buɗe cikin na'urar, ya hure ƙura, ya zare wani ɗan allo kore, ya cusa sabo mai ɗauke da tasa fankar. Abin bai kai tafin hannu biyu ba.

"Wanga ɗan abu shi ac ci rumbuna?"

"Shi na, Baba."

"To, Allah shi sa ya ƙoshi."

Ranar Juma'a sai ga Malam Abdulƙadir daga Zurmi, yayan Furera uwar Abbati. Malami ne mai karantar da manya, mutum mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya ko ga akuya. Bayan an sauko daga masallaci an kawo fura, farin ciki ya hana Dikko zama. Ya kama hannun surukinsa.

"Malam, taho ka ga abin da ɗanka ka yi."

Abbati ya dubi ubansa ya girgiza kai a hankali. Dikko ya ɗauka kunya ce.

"Kai, nuna ma kawunka! Danna mata ta dafa muna gani."

Abbati ya danna. Ragar nan mai launin toka ta bayyana, amma yau ba ta tsaya gurnani ba. Daga sama launi ya fara sauka kamar ana yaye mayafi: malfa, goshi, kafaɗa, riga mai gumi, hannu riƙe da kwashen noma. Kafin Malam ya ajiye ludayi, ga manomi tsaye cikin gonar dawa, na tallar takin zamani. Dikko ya washe baki yana duban surukinsa.

Malam bai yi dariya ba. Ya matso da fuskarsa.

"Abbati, shina juyawa?"

"Shina juyawa, Kawu."

"Juya shi."

Manomin ya juya. Ga ƙeya, ga baya, ga diddige. A ƙasa kuma inuwarsa ta bi shi ta juya, doguwa, baƙa, kwance kan kunyar gona.

"Da ma haka yaka yi da inuwa?"

"Da sai an kai Kaduna su sa mishi. Tsohon katin bai iyawa."

Malam ya koma ya zauna, ya daɗe yana shafa gemu.

"Dikko, hoto na takarda malamai sun yi saɓani kai, don shimfiɗe yake. Abin da munka karanta ba saɓani shi na surar mai rai wadda ad da jiki cikakke har tana da inuwa. Wanga kuwa ga jiki, ga inuwa. Gaskiya ban san hukuncin na cikin gilashi ba, littattafanmu ba su gan shi ba, ba ni yi ma Allah ƙarya. Amma samarin unguwa da ka yawon rufe gidajen kallo ba su tsayawa bincike. Su ji an ce ɗan Dikko na ƙera mutane cikin shago, ka san sauran."

Nan take Dikko ya ga a ransa taro a ƙofar gidansa, ya ga an fito da na'urar a ka, ya ga Abbati a tsakiya ana nuna shi da yatsa, ya ga abokan awonsa suna kau da kai.

"Malam, ba mafita?"

"Akwai. In aka raba sura da abin da rai bai zama sai da shi, ta fita daga hukuncin. A cire kan."

"Kawu," in ji Abbati, "wa zai sayi taki hannun manomin da ba shi da kai?"

"Ni dai abin da na sani na faɗi, ɗana."

Dikko ya miƙe. "Cire shi."

"Baba, dube shi da kyau tukuna."

Abbati ya jawo fuskar kusa har ta cika gilashin. Dikko ya duba. Ga tsagen Zamfarawa a kumatu. Ga giɓin haƙori na gefen hagu. Ga kafaɗar dama da ta sauka saboda ɗaukar buhu tun yana saurayi. Bai taɓa sanin yaron na kallonsa haka ba. Ya ji Malam ya yi salati a hankali bayansa.

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya zauna. Amma ga surukinsa, ga ƙofa a buɗe, ga mutane na wucewa.

"Ko ni ne, cire shi."

Abbati ya danna sau ɗaya. Na'urar da aka saya wa sauri ta yi aikinta, ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Manomi ya tsaya da kwashensa, wuya a buɗe, inuwar ma ta gajarce.

Bayan Malam ya koma Zurmi, gidan ya yi tsit. Furera ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole. Dikko ya riƙa kawo dabaru: a sa labule a shagon, a kulle ƙofa, a riƙa yin na gidaje da motoci kawai.

"Hoton mutane suka so, Baba. Su na iya, su aka biyana don su. In na kulle ƙofa, kai za ka iya barci?"

Dikko ya san ba zai iya ba. Tun ranar Juma'ar, ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi.

Da safiyar Talata Abbati ya fito da jaka ɗaya. Ya durƙusa gaban uwarsa, ta sa masa albarka tana kallon bango. Dikko ya raka shi tasha, yana tafe yana lissafa masa unguwannin da kar ya shiga, da lokacin da kar ya fita. Motar Gusau ta kusa cika, daga can zai sami ta Kaduna. Sai a lokacin Dikko ya lura jakar ba ta da nauyi.

"Ba ka ɗauko katin ba? Koma ka ciro shi, mota ta jira. Sabo na fa."

Abbati ya sunkuyar da kai.

"Bar shi, Baba. Nasu ya fi shi."

Yaron mota ya buga ƙofa, direba ya tayar. Dikko ya bi gefen motar da sauri yana riƙe da tagar, yana ce wa direban ya bi a hankali, don Allah ya bi a hankali, har hannunsa ya suɓuce a bakin titi.