Ɗorawata a Tsakiyar Jami'a

Ni Bakoji, sau biyu ɓarayin daji suka tashe mu daga Kakangi, sau biyu na fito da hulata a kaina. Abin da na kasa ɗaukowa ɗaya ne: ɗorawar bakin gonata. Kowa a Birnin Gwari ya san labarinta daga bakina.

Jikata Juwairiyya tana karatun zanen gini. Aikinta na kammala karatu shi ne ta tsara jami'a cikin kwamfuta, mai kama da dajinmu, ɗorawata a tsakiya. Daji bai shiguwa yanzu, don haka da bakina ta auna komai. Malamarta, Madam Susan, ta duba ta ce babu itace irin wannan a duniya, in ba a gyara kafin Litinin ba, sai ta maimaita shekara.

Ta iso da hantsi da wani tabarau mai kamar akwati.

"Angona, ɗaura ka gani. In haka ɗorawar take, ko zan faɗi ba zan taɓa ta ba."

"Amarya, wanda harsashi ya yi wa sallama ya wuce, tsoron akwati zai ji?"

Na ɗaura. Sai ga ni tsaye a wata jami'a: azuzuwa cikin inuwa, rafi na bi ta tsakani. Na ɗaga kai, hulata ta faɗi. Ɗorawar ta rufe sama ruf! Ɗakin karatu mai hawa uku a gindinta kamar akurkin kaji.

"Ka ce maza ashirin ba sa rungume ta," in ji ta. "Ka ce kalwarta na cika mota."

Na yi gyaran murya. Yarinyar nan ta yarda da ni, ga shekararta a hannuna.

"Haka take! Amma ke ba ki da wayo? Wa ke baje dukiyarsa gaban baƙi? Kambun baka fa? Rage ta."

Na ji tana ƙunshe dariya. "Ya isa?"

"Rage."

"Angona, saura maza biyar."

"Bakin malamai dafi ne da shi. Rage. Ki karkato wancan reshen gabas."

Tana ragewa, tana ragewa, sai na daina magana. Ga ta nan. Reshen da nake rataye gorar ruwa, inuwar da marigayiya kakarta ke ajiye mini fura. Na miƙa hannu, na kama iska.

"Tsaya nan," na ce.

"Maza nawa ke nan?" in ji ta.

"Biyu. Amma ƙarti."

Na daɗe ban cire ba. Da na cire, na gaya mata tabaran nan na sa ido ruwa, ta faɗa wa masu shi.

Ran Litinin ta bugo waya: Madam Susan ta sa hannu, har ta yaba da reshen. Na ce ta gaishe ta, amma kada ta kuskura ta gaya mata ainihin girman itacen.